Shin Wayar Salula Na Jawo Kansa? Amsar da Aka Samo a Farantin Ƙwayoyin Ɓera

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan Gusau, Tsafe ko Bungudu ya san irin saƙon. Wani lokaci rubutu ne, wani lokaci murya ce ta minti biyar: kada a kwana da waya ƙarƙashin matashi, kada a sa ta a aljihun ƙirji, turken sabis ɗin da aka kafa a bayan unguwa yana dafa ƙwaƙwalwa a hankali. Daga ƙarshe sai a rufe da cewa masana a Amurka sun gwada a kan ɓeraye, kuma ɓerayen sun kamu da kansa. A 2020, lokacin korona, 5G aka ɗora wa laifi, alhali sai a 2022 kamfanin MTN ya fara sayar da shi a Najeriya.

Mutanen Zamfara kuwa sun fi kowa sanin darajar turken. A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin kashe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Masu POS suka zauna, masu sayar da kati suka zauna, wasu sai sun shiga mota sun tsallaka wata jiha kafin su iya kiran 'yan uwansu. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuma suka ƙara makonni suna jira. Abin da mutum ba ya iya rabuwa da shi haka, ya kamata ya san ko yana cutar da shi.

Maganar ɓerayen ba ƙirƙirarta aka yi ba, an yi binciken da gaske. Sai dai kafin a gane abin da ya nuna, dole a san yadda masana ke gane cewa wani abu yana haddasa kansa tun farko. Wannan kuwa labari ne da ya faro a cikin ɗan faranti wanda bai kai tafin hannu ba.

Ƙwayoyin da suka san ladabi

Jikin mutum, kamar na ɓera, tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da DNA, wato rubutaccen umarnin da ke gaya mata yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu. Mai waya zai fi saurin ganewa idan aka ce DNA ita ce babbar manhajar ƙwayar. Da haruffa huɗu kacal aka rubuta ta, A, C, G da T, amma a jikin mutum jerinsu ya kai kusan biliyan 3. A cikin wannan dogon rubutu akwai sassa-sassa, kowanne da aikinsa. Su ne umarnin gado.

A 1962 wasu masana biyu a Jami'ar New York, George Todaro da Howard Green, suka ɗebi ƙwayoyin halitta daga tayin ƙaramin ɓera suka zuba a faranti mai ruwan sinadaran abinci, suka ajiye a ɗumin da ya yi daidai da na jiki. Duk bayan kwana 3 sai su kwashe ƙwayoyi 300,000 su mayar sabon faranti. Daga wannan tsari sunan ya fito: 3T3. Yawancin ƙwayoyin sun tsufa sun mutu, amma wasu sun ci gaba da hayayyafa ba tsayawa. Jikokinsu na nan har yau a dakunan gwaji na duniya, fiye da shekara 60, alhali ƙaramin ɓera da kyar yake wuce shekara 3 a raye.

Abin da ya sa aka so su shi ne ladabinsu. Ƙwayoyin 3T3 sukan shimfiɗu a ƙasan faranti kamar tabarma, da zarar kowacce ta taɓa maƙwabciyarta sai duk su daina rabuwa. Ƙwayar da ta rikiɗe ta zama ta kansa ba ta san wannan ba. Hawa take yi kan 'yan uwanta, ta tara ɗan tsibi mai kauri wanda idan aka zuba rini za a iya ƙirga shi da ido. Ke nan an samu ma'auni mai sauƙi: a zuba abin da ake zargi a faranti, a jira makonni, a ƙirga tsibi, a kwatanta da farantin da ba a zuba wa komai ba.

Harafi ɗaya tak

A ƙarshen shekarun 1970 babu tabbacin inda kansa ke farowa. Wasu na ganin ƙwayoyin cuta ne, wasu na ganin sinadarai ne. A cibiyar MIT da ke Amurka, Robert Weinberg da ɗalibinsa Chiaho Shih suka yi wata dabara a 1979. Suka ɗauki ƙwayoyin ɓera da wani sinadari ya riga ya mayar na kansa, suka tace DNA ɗinsu zalla, suka zuba wa lafiyayyun ƙwayoyin 3T3. Tsibi ya fito. Wato cutar tana cikin rubutun, kuma ana iya kwafarta daga wannan ƙwaya zuwa waccan kamar yadda ake tura gurɓataccen fayil ta Xender.

Daga nan suka gwada da DNA ɗin kansar mafitsara ta ɗan Adam, nan ma tsibi ya fito. A 1982 dakunan gwaji uku, na Weinberg, na Michael Wigler da na Mariano Barbacid, suka gano umarnin gadon da ke da alhaki. Sunansa ras, kuma kowane mutum yana da shi, domin shi ne makunnin da ke gaya wa ƙwaya ta rabu idan buƙata ta taso. Da aka jera na mai lafiya da na mai kansa, bambancin harafi ɗaya ne: inda ya kamata a ga G, sai aka ga T. Wannan kuskure ya sa makunnin ya maƙale a kunne. Yau an san cewa kusan ɗaya cikin kowace kansa biyar a duniya tana ɗauke da lalataccen ras.

Sai dai farantin ya so ya yaudari masu shi. Ƙwayoyin 3T3 sun daɗe a ɗakin gwaji, sun riga sun yi rabin tafiya zuwa kansa tun da suka daina tsufa. Da aka zuba lalataccen ras a sababbin ƙwayoyin da aka ɗebo kai tsaye daga tayin babban ɓera, bai isa ba. A 1983 Hartmut Land, Luis Parada da Weinberg suka nuna cewa sai an haɗa shi da wani umarnin mai suna myc kafin ƙwayar ta rikiɗe. Na ɗan Adam kuwa sun fi taurin kai nesa ba kusa ba: sai a 1999 aka iya mayar da lafiyayyar ƙwayar mutum ta kansa a faranti, kuma sai da aka haɗa mata sauye-sauye fiye da na ɓera. Shekara 16 tsakani. Wannan tazara ita ce abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙa tunawa duk lokacin da ya ga kanun labari mai ɗauke da kalmar ɓeraye, ko na tsoratarwa ne ko na albishir da sabon magani.

Wannan bai rage wa farantin daraja ba. Wani umarnin da aka fara ganowa a ƙarin da ya fito wa ɓeraye, neu, shi ne daga baya aka gane ɗan uwansa HER2 na rura wasu nau'o'in kansar mama. Maganin Herceptin da aka amince da shi a 1998 shi yake kai wa hari, kuma har yau a cikin ƙwayoyin hamsta, wani dangin ɓera, ake sarrafa maganin. Shi kuwa ras ya wahalar da masu haɗa magani kusan shekara 40. Sai a 2021 Amurka ta amince da sotorasib, maganin farko da ke toshe wani nau'insa kai tsaye.

Da aka kunna wa farantin siginar waya

Tunda ga ma'auni a hannu, ba a yi wata-wata ba aka gwada shi da siginar waya. A 2001 ƙungiyar Joseph Roti Roti a Jami'ar Washington da ke St. Louis ta wallafa sakamakon haska ƙwayoyin ɓera da sigina irin ta wayoyin lokacin, wajen megahaz 835 da 847. Wasu farantan an haska su kwana 7. Wasu kuma an fara raunata DNA ɗinsu da hasken ɗaukar hoton ƙashi na asibiti, sannan aka bi su da siginar waya har kwana 42, don a ga ko za ta ƙarasa ɓarnar da wani ya fara. Tsibin bai ƙaru ba. Gaskiya ne kamfanin Motorola ya ɗauki nauyin aikin, kuma mai shakka yana da hujjar ɗaga gira. Amma a 2008 wasu masana a Japan sun yi makamancinsa da siginar turken 3G, tsawon mako 6, su ma ba su ga ƙari ba. An samu 'yan gwaje-gwaje da suka ce sun ga wani abu, galibi idan an haɗa siginar da wani sinadari mai ingiza ƙari, amma ba a samu sakamakon da ke maimaita kansa daga wannan ɗaki zuwa wancan ba, irin yadda na ras ya yi.

Ilimin fiziya ya bayyana dalili. Don a karya ko a sauya harafin DNA ana buƙatar haske mai ƙarfin tsinka mahaɗin sinadarai, kamar na ɗaukar hoton ƙashi ko ɓangaren hasken rana mai ƙona fata. Siginar waya tana can ƙasa ƙwarai. Ko ta 5G da ake amfani da ita a Najeriya, mai gigahaz 3.5, kowane ɗigon makamashinta bai kai ɗaya cikin 100,000 na hasken ƙwan fitilar ɗaki ba. Abin da aka tabbatar tana yi wa jiki shi ne ɗan ɗumamawa, shi ya sa aka sa iyaka.

To ina labarin ɓerayen da ke yawo a WhatsApp? Wannan binciken gwamnatin Amurka ne, na shirin NTP, wanda ya ci kusan dala miliyan 30 aka fitar da sakamakonsa a Nuwamban 2018. An sa dubban ɓeraye, manya da ƙanana, a ɗakuna na musamman ana haska duk jikinsu da siginar 2G da 3G, awa 9 a kullum, har shekara 2. Manyan tun suna cikin mahaifa aka fara musu. Mafi ƙanƙantar ƙarfin da aka ba su ya yi daidai da iyakar da doka ta yarda waya ta kai a ɗan wurin da take taɓa jiki, mafi girma kuma ya ninka haka sau 4. Sakamakon: an ga ƙarin wata kansa da ba a cika gani ba a zuciyar manyan ɓeraye maza. Ba a ga hujja mai ƙarfi haka a matan ba, ba a kuma gan ta a ƙananan ɓeraye ba. Wani abin ɗaure kai, mazan da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Saƙon murya ba ya kawo wannan ɓangaren.

Ba a share sakamakon ba. Wata bita ta binciken dabbobi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wadda ta fito a 2025, ta ɗauke shi da muhimmanci. Amma tambayar mai waya ita ce me ya faru ga mutane, kuma nan an fi samun haske. A Satumban 2024 wata bitar da hukumar ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin jagorancin Ken Karipidis na Ostareliya, ta tattara bincike 63 da aka yi tsakanin 1994 da 2022. Ba ta ga alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba, ko ga waɗanda suka shekara 10 ko fiye suna amfani da ita. Biliyoyin mutane sun riƙe waya cikin shekara 30, adadin masu kansar ƙwaƙwalwa bai yi tsallen da ya kamata a gani ba da a ce wayar ce sanadi.

Masu tura saƙon kan ce ai hukumar IARC ta sa siginar waya cikin jerin masu jawo kansa. A 2011 ta sa ta a rukunin 2B, wato "mai yiwuwa ne, hujja ba ta isa ba". A rukunin nan akwai ruwan ganyen alobera da ba a tace ba.

Wanda duk da haka yake son ragewa, hanyar ba ta da tsada. A wayoyin Android da yawa, danna *#07# zai nuna ma'aunin SAR, wato yawan makamashin da jiki ke sha daga wayar. Iyakar Amurka 1.6 ce, ta Turai 2.0. Sa abin kunne ko buɗe sifika yana rage shi sosai, domin ƙarfin sigina na faɗuwa da sauri da zarar an ɗan nisanta. Akwai kuma abin da ya saɓa wa tunanin mutane: waya ta fi fitar da sigina mai ƙarfi a inda sabis ya yi rauni, don tana ƙoƙarin kai muryarta turke mai nisa. Mai kira daga ƙauyen Tsafe da sandar sabis ɗaya ya fi shan sigina a kunnensa a kan wanda ke zaune kusa da turke a Tudun Wadan Gusau. Su kuwa 'yan lambobin da ake mannawa a bayan waya da sunan kariya, asarar kuɗi ce kawai.

Masu gyaran waya a Bebeji Plaza da sauran wurare suna da abin da ya fi sigina cancantar kulawa a kan teburinsu: dalmar da ake liƙa wayoyi da ita, wadda galibi akwai gubar dalma a ciki. IARC ta sa sinadaran wannan guba a rukunin 2A, sama da siginar waya, kuma Zamfara ba ta buƙatar a ba ta labarin gubar dalma bayan yara sama da 400 da ta kashe a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Wanke hannu kafin cin abinci da barin iska ta ratsa shago ba su da wuya.

Abin da ya cika farantin da gaske

Akwai wani abu da gwajin ɓera da binciken mutane suka haɗu a kansa ba gardama, kuma yana kusa da mutanen jihar da ke kirari da noma fiye da kowane turke. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Da aka bi sawu, sai aka tarar da wata guba da hunhuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba ko an adana su a wuri mai laima. Sunanta afulatoksin. Manyan ɓerayen da aka ciyar da ɗan kaɗan nata sun kamu da kansar hanta. Ƙananan ɓeraye da suka girma kuwa suna jure mata sosai, saboda hantarsu na da sinadarin da ke kashe kaifinta. Dangi ɗaya, sakamako biyu. Da ƙananan kaɗai aka gwada, da an ce ba ta da wata illa.

Abin da ya yanke hukunci ya sake fitowa daga faranti. A 1979 aka gano wani furotin mai suna p53 a ƙwayoyin ɓera da suka rikiɗe. Shekara 10 ana ɗaukarsa mai ingiza kansa, sai a 1989 gwaji a ƙwayoyin tayin ɓera ya nuna akasin haka: lafiyayyen p53 birki ne, yana hana tsibi fitowa ko da an kunna ras. Kusan rabin duk kansar ɗan Adam na ɗauke da lalataccen birkin nan. A 1991 masana suka duba kansar hanta ta mutanen kudancin Afirka da na yankin Qidong a Sin, wuraren da afulatoksin ya yi yawa a abinci, suka ga lalacewar tana faɗawa wuri guda a umarnin p53, matsayi na 249, inda G ke komawa T. Gubar ta bar sawunta a rubutun. An sake ganin wannan sawu a Gambiya. Har yau ba a samu makamancinsa ga siginar waya ba. Afulatoksin na rukuni na 1 a jerin IARC, tare da taba sigari.

Haɗarin ya fi muni idan ya gamu da ciwon hanta nau'in B. Mai ɗauke da wannan ƙwayar cuta da ke cin abinci mai gubar yana iya fin wanda gubar kaɗai yake ci haɗarin kansar hanta har kusan sau 30. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba, domin tana iya shekaru ba ta nuna alama. A ƙiyasin 2022, Najeriya na samun sababbin masu kansa sama da 127,000 a shekara, kusan 80,000 na mutuwa. Mai kansa daga Gusau da ke buƙatar gashin haske yakan nufi asibitin koyarwa na Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200 ta hanyar Bungudu, ko ya bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa Shika a Zariya. Kansar hanta kuwa galibi ba ta bayyana sai ta yi nisa.

Dafuwa ba ta kashe afulatoksin, suya ma haka. Gyaɗar da ta yi baƙi-baƙi, ta motse ko take ɗaci, wadda akan ware a sayar da araha a yi ƙuli-ƙuli ko a zuba wa kaji, ita ce ta fi ɗaukarsa. Tsince ta a zubar, shanya amfanin gona a kan leda ko tabarma maimakon ƙasa, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, suna rage shi ƙwarai. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni 2 zuwa 3 kafin fure. Hunhuna ce marar guba da ke mamaye wurin mai guba, kuma tana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya a 2004, kuma ana so jariri ya samu ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Wanda aka haifa kafin wannan shekara, ko wanda ba a kai shi rigakafi ba, zai iya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko babban asibitin garinsu a gwada shi da ɗigon jini. Idan ba ya ɗauke da cutar, allura uku ce cikin wata 6.